Yadda na zama baƙon haure a garin ubana

1/ Bari in ba ku labarin bizata da ta ƙare ina zaune a Miga. Mai fasfo biyu, ko mai ɗan'uwa da aka haifa a waje, ya tsaya ya karanta.

2/ A Omdurman aka haife ni. Baba ɗan Miga ne, karatu ya kai shi Sudan, ya auri Umma, can Allah Ya karɓi ransa. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 muka gudu Masar. Fasfon Sudan kaɗai gare ni, shi aka buga wa bizar Najeriya na sauka Kano.

3/ Daga nan na jefa shi ƙasan akwati. Na yi NIN, na zana JAMB, na samu gurbi a Dutse. Wa ke tuna biza yana cin tuwo a gidan kakansa?

4/ Kwatsam a 2025 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da tarar dala 15 kowace rana kan baƙon da ya wuce wa'adi, da hana shi dawowa na shekaru. Aka ba da afuwa zuwa 30 ga Satumba. Na tono fasfo, na ƙirga kwana wajen 700. Dala 10,500! Ni da kuɗin makaranta ma sai an yi karo-karo.

5/ Wallahi kuɗin bai kai ɗaya abin ci mini rai ba. A Sudan "Fallata" ake ce mana. A Miga kuma "ɗan Sudan". Yanzu ga takarda ta goyi bayan masu tsokana.

6/ Na tafi ofishin shige da fice jiki na rawa, na miƙa NIN da ƙarfin gwiwa. Jami'in ya ce, "Samari, wannan ai baƙo mai izinin zama ma ana ba shi. Ina aka haifi babanka?" Na ce Miga. Ya ce toh je ka kawo shaida.

7/ Ashe sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya gama maganar: wanda aka haifa a waje, in uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun haihuwa. Sashe na 28 kuma bai tilasta wa irinmu ajiye ɗaya fasfon ba. Matsalata ita ce na shigo a matsayin baƙo, kuma a haka rajista ta san ni.

8/ Shaidar ce ta ba ni wuya. Takardun Baba sun tsaya a Omdurman. Baffa ya ɗauke ni a babur: mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan sakatariyar ƙaramar hukuma don takardar asali. Sati uku muna zarya.

9/ A zauren dagaci wani dattijo ya ƙura mini ido ya ce, "Wannan goshin ai ba ya buƙatar takarda." Ya faɗi sunan kakana, da na baban kakana wanda ni ban taɓa ji ba. Na sunkuyar da kai, don hawaye suka zo.

10/ Na biya naira 50,000 ana saura kwanaki fasfo mai shafi 32 ya koma 100,000 a farkon Satumba. Da koren fasfo ya fito na koma da duka biyun, aka duba, maganar tara ba ta taso ba. Aka ja mini kunne: shiga da fita Najeriya da kore zan riƙa yi.

11/ Saura ƙanwata. Tana Alƙahira wajen Umma, ita ma na Sudan kaɗai gare ta. Jiya na tura mata hoton takardar asalina, Baffa ya ce ran Litinin za mu koma wajen dagaci.