Ido Ba Mudu Ba: Ɗalibin Hausa da Kyamara Mai Sarrafa Kanta

Duk ɗalibin Hausa da zai fita neman bayanai a yau, bayan littafin rubutu da na'urar naɗar murya, sai ya riƙe kyamara. Akwai rubutun ajami a akwatunan malamai, akwai allunan shaguna, akwai sana'o'i da bukukuwa, kuma gani ya kori ji. Na daɗe ina tura ɗalibai cikin unguwannin Tamale, daga Zango zuwa Sabonjida da kasuwar Aboabo, tambayar da suka fi yi mini kafin fita kuwa ita ce: "Malam, ina zan juya wannan ɗan faifan da ke saman kyamara?" Amsata ɗaya ce kullum: ku fara da wurin da aka rubuta Auto, wanda galibi kore ne. Masu sana'ar ɗaukar hoto sukan raina wannan tsari, suna ganin na ragwaye ne. Ni ban raina shi ba. Bikin Damba sau ɗaya yake zuwa a shekara, dattijon da ya buɗe muku akwatin littattafan mahaifinsa kuma ba lallai ne ya sake buɗewa ba. Wanda ya tsaya lalube a kan maɓallai a irin wannan lokaci zai koma gida hannu rabbana. Sai dai wanda ya miƙa wa na'ura ragama ya kamata ya san irin hukuncin da take yankewa a madadinsa, da wuraren da hukuncin nata yake kuskurewa.

Abubuwa uku kyamara take daidaitawa a duk lokacin da aka danna maɓalli, kuma tun da mu ɗaliban harshe ne, bari mu raɗa musu suna. Na fi son a ɗauko sunayen daga idon mutum, domin da shi aka yi koyi. Na farko shi ne ƙofar haske, wato ramin da ke cikin madubin kyamara, wanda yake buɗewa ya tsuke kamar ƙwayar ido. Ana auna shi da lambobi irin f/2.8 da f/8 da f/16, kuma yadda lambar ta ƙara girma haka ramin yake ƙara tsukewa. Na biyu shi ne ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara take barin haske ya shiga: 1/60 na daƙiƙa, ko 1/500, ko 1/1000. Na uku shi ne ƙarfin jin haske, wanda ake rubutawa ISO. A rana tsaka 100 ya isa, da dare kuwa yakan hau zuwa 1600 ko fiye, sai hoton ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Waɗannan sunaye shawara ce daga gare ni, bakin masu magana ne zai tabbatar da su ko ya watsar, kamar yadda ya karɓi kalmar "hoto" daga Turanci har ta zama 'yar gida, ta haifi "hotuna" da "mai hoto". A nan Gana ma za ku ji ana cewa "foto", wannan kuma abin lura ne ga mai nazarin karin harshe.

Kyamarar dijital ta farko injiniya Steven Sasson ne ya harhaɗa ta a kamfanin Kodak na Amurka a shekarar 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset. A 1978 kamfanin Canon na Japan ya fitar da A-1, ɗaya daga cikin kyamarorin farko da suke zaɓar ƙofar haske da ƙiftawa a tare da kansu. Wannan tsari shi ne harafin P da kuke gani a gefen Auto har yau. Bambancinsu kuwa shi ne, Auto ba ya barin ku ku sa baki a komai, P kuwa yana yin lissafin amma yana karɓar gyara.

A kan me kyamara take dogara wajen lissafin? Ma'aunin haskenta yana ɗauka cewa duk abin da ke gabansa, in aka cakuɗa farinsa da baƙinsa, zai ba da launin toka matsakaici, wanda yake mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. A wurare da dama wannan zato yakan yi daidai. A filin Idi na Tamale kuwa, inda sahu bayan sahu fararen riguna ne, rana kuma tana bisa kai, kyamara sai ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske domin ta mayar da shi toka. Riguna su fito kamar ba a wanke su ba, fuskokin da ke ƙarƙashin hula da rawani kuma su nitse cikin duhu. Matsalar ta girmi zamanin dijital. Tun a shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto suke daidaita launi da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta wallafa bincike a 2009 inda ta nuna yadda wannan ma'auni ya daɗe yana tauye baƙar fata, da yadda koken masu sayar da cakulan da kayan katako ya taimaka wajen sa a gyara launin ruwan ƙasa a fim. Kyamarorin yau sun fi na da nesa ba kusa ba, suna ma iya gane fuska su auna haske a kanta. Duk da haka, baƙar fuska cikin farar riga a tsakar rana tana nan tana ba su wahala.

Maganin ba shi da wuya. Ku juya faifan zuwa P, ku nemi maɓallin da ke da alamar + da −, ku ƙara haske zuwa +1, sa'an nan ku duba fuskar a kan allon kyamara. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne ku roƙi mutumin ya koma inuwar zaure ko ta bishiyar dalbejiya, ya fuskanci wajen da haske yake shigowa. Hoton hantsi da na bayan la'asar ya fi na azahar taushi. Lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan mayar da sama fara fat, ita ma ta ruɗi ma'aunin, don haka ku rage yawan samaniya a cikin hoton. Kada kuma ku cire madubin kyamara a fili a wannan yanayi, domin ƙurar da ta shiga ciki za ta riƙa fitowa a matsayin tabo a kowane hoto.

A kan faifan akwai wasu ƙananan zane-zane, kowanne da irin lissafinsa. Mai siffar mutum yana gudu an yi shi ne domin motsi: yana gaggauta ƙiftawa, yana bin abin da ke tafiya, yana kuma ɗaukar hotuna a jere muddin yatsa na kan maɓalli. Shi nake sa ɗalibai su zaɓa ranar Somo Damba da Naa Damba, lokacin da masu rawa suke juyi rigunansu na saƙi suna buɗewa kamar laima, makaɗan lunga suna biye da su, da kuma ranar rakiyar Damba da ake hawan dawaki. In aka bar wa Auto wannan aiki yakan zaɓi ƙiftawar da ta dace da mutumin da ke tsaye, sai gefen rigar ya narke, ƙafar doki ta ɓace. Mai siffar kan mutum yana buɗe ƙofar haske sosai, fuska ta fito tar, bayanta ya dushe. Ya dace da hoton wanda kuka yi hira da shi, amma in kuna son a ga shagonsa da kayan aikinsa, to ku koma P. Mai siffar fure na abin da ke kusa ne: ɗinkin wuyan riga, zanen baduku a kan fata, bakin alƙalamin kara.

Dare shi ne babban gwaji. A daren Bugum, bikin wuta na Dagomba wanda yake faɗowa cikin watan Muharram, mutane suna fita da wutar ciyawa a hannu. Auto yana ganin duhu sai ya kunna fitilar walƙiya ba tare da shawara ba. Hasken wannan 'yar fitila bai fi tafiyar mita uku ko huɗu ba. Zai haske ƙeyar wanda ke gabanku da hayaƙin da ke iska, ya kashe jan hasken wutar da kuka zo ɗauka. Ku nemi alamar walƙiya da aka soke da layi, ku jingina da bango ko turken fitila, ku matse gwiwar hannu a jiki, ku ɗauka da yawa. A zauren malami da cikin masallaci ma haka ne, ga kuma dalili na ladabi: walƙiya tana katse karatu, tana kuma damun idon tsoho.

Inda nake son ku fi natsuwa shi ne hoton rubutun hannu. Wannan yanki yana da tsohon tarihin rubutu da Hausa. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, sa'an nan ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce na Larabci da na ajami, almajiransa kuma suka yi ta kwafa suna yaɗawa a zangunan ƙasar nan. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, da jagorancin masanin tarihi Ivor Wilks, ta tattara ɗaruruwan irin waɗannan takardu. Daga 2004 kuma Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya yana gudanar da wani shiri na ɗaukar hotunan tsofaffin takardun da ke cikin haɗarin salwanta a ƙasashe daban-daban. Amma da yawa suna nan a gidaje, gara da ɗigar damina suna cin su, kuma hoton da ɗalibi ya ɗauka yana iya zama kwafin da zai saura.

A ajami ɗigo yana da nauyin harafi. A rubutun Magaribi da malamanmu suka gada, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙa kuma ɗaya a sama. Wasalin "e" ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi. Marubuta da yawa suna bambanta "ts" da "ɗ" ta hanyar ɗora ɗigo uku a kan harafi guda, saboda haka in ɗigon ya dushe a hoto, "tsari" ya zama "ɗari". Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini hotunan wata waƙar wa'azi, shafi goma sha biyu, waɗanda ta ɗauka da Auto a cikin ɗaki mai duhu. Walƙiya ta wanke tsakiyar kowane shafi, gefuna suka yi duhu, jan tawadar wasula ta ɓace gaba ɗaya. Da ta koma, sai ta tarar mai takardun ya yi tafiya, iyalinsa kuma suka ce ba su da izinin buɗe akwatin. Mun karanta abin da ya karantu, saura kuwa har yau hasashe muke yi.

Ga yadda nake koya musu. A fito da takardar inuwa mai haske, a bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, a shimfiɗa ta a kan baƙin ƙyalle. A juya faifai zuwa A ko Av, inda kai ne za ka zaɓi ƙofar haske, kyamara ta zaɓi ƙiftawa. A sa f/8 domin kusurwoyin shafi su fito daidai da tsakiyarsa, a tsayar da ISO a 100 ko 200, a kashe walƙiya. Tun da farar takarda ma tana ruɗar ma'auni, a ƙara haske kaɗan har launinta a allo ya yi kama da abin da ido ke gani. Kyamara ta dubi shafin kai tsaye daga sama, a kan mariƙi mai ƙafa uku in akwai, a yi amfani da tsarin jinkirin daƙiƙa biyu domin girgizar yatsa ta lafa kafin ƙiftawa. A ajiye rula a gefe domin a san girman takardar. Kafin a juya shafi, a faɗaɗa hoton a allo a nemi ɗigo mafi ƙanƙanta. In bai fito ba, a sake. Kada a tsallake shafin da babu rubutu, kada kuma a yanke gefuna, domin a nan ake samun sharhi da kalmar da ke haɗa shafi da na gabansa.

Akwai abin da babu wani tsari a kan faifan da zai yi muku shi. Kyamara ba ta sallama, ba ta durƙusa ta gaida dattijo, ba ta san cewa wani malamin zai yarda a ɗauki littafinsa amma ba fuskarsa ba, ko cewa shiga cikin gida da ita sai da yardar maigida da ta matan kansu. Ku bar ta a jaka har sai an gama gaisuwa, ku faɗi abin da za ku yi da hoton, in an ce a'a ku yi godiya. Ku daidaita kwanan wata da agogon kyamara kafin fita, domin tana liƙa su a jikin kowane hoto. A littafinku kuma ku rubuta lambar hoton, da wurin, da sunan abin kamar yadda mai shi ya faɗa, da Hausar Zango ko da Dagbanci, ba tare da kun gyara masa zuwa daidaitacciyar Hausa ba. Hoton da ba shi da wannan bayani, bayan shekara biyu ku da kanku ba za ku san abin da yake nunawa ba. In kun wanke hotunan, ku kai wa mai takardun kwafinsa.

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba, amma ya san ƙima. Kyamara mudu ce mai kyau, kuma ba abin kunya ba ne mai koyo ya dogara da ita har idonsa ya goge. Ga aikin da nake bai wa masu farawa a makon farko, ku ma ku gwada: ku zaɓi abu guda, ko allon karatu ko shafin tsohon littafi, ku ɗauke shi sau uku a wuri ɗaya, da Auto, da P, da Av. Ku maimaita da hantsi, da azahar, da bayan la'asar. Ku jera hotunan tara a kwamfuta, ku rubuta da Hausa, cikin jimloli biyar, wanne ne ya fi karantuwa da dalilin da ya sa.