Hasken da ke Tura Ƙwayar Zinare

A littattafanmu na Hausa, da zarar abu ya motsa ba wanda ya taɓa shi, to an san zancen, ko aljani ko boka. Ni kuwa yau ina so in ba ku labarin abin da ake motsawa ba hannu ba tsafi, da haske tsagwaronsa.

Haske yana da ƙarfin turi, sai dai ɗan mitsitsi ne. Duk ranar da ke dukan hekta guda ta shinkafa a gonakin Bakolori da tsakar rana, in aka auna dannawar da haskenta ke yi, ba ta kai nauyin giram 10 ba. Amma a duniyar ƙananan abubuwa wannan ba abin rainawa ba ne. A 1986 Arthur Ashkin na Bell Labs a Amurka ya nuna cewa za a iya kama ƙwayar abu da hasken leza kamar an sa hantsaki, daga baya har ƙwayoyin cuta masu rai ya riƙe ba tare da ya kashe su ba. Sai a 2018 aka ba shi kyautar Nobel, yana ɗan shekara 96. Haƙuri ke nan!

To amma aikin nasa a cikin ruwa ya fi tafiya, inda abu ke yawo ba abin da ya riƙe shi. A kan busasshen gilashi labari ya sha bamban, kuma nan ne abin ya fi burge ni, don duk wanda ya tashi a Damri ya san matsalar ko bai taɓa shiga aji ba. Ka dubi mace tana bakace. Tsaki yana gangarawa, dusa tana tashi, amma lallausan garin nan yana nan liƙe da faifai, ko ta kife shi sai ta buga. Haka ƙurar hunturu a kan farantin sola, ka hura iya ƙarfinka, ta sama ta tafi, ta ƙasa ta ce ba inda za ta. Dalili shi ne, gwargwadon ƙanƙantar abu, nauyinsa yana raguwa da sauri fiye da ƙarfin da ke manne shi da abin da yake kai. Idan ya yi ƙanƙanta ainun, mannewar ta fi ƙarfin turin haske nesa ba kusa ba.

A 2019 masu bincike a ƙarƙashin Yuebing Zheng na Jami'ar Texas da ke Austin suka fito da wata dabara. Ba su tsaya ƙara wa hasken ƙarfi ba, sai suka shimfiɗa wani siririn sinadari dangin sabulu a kan gilashin, irin wanda ake sawa a man gyaran gashi, sannan suka ɗora ƙwayoyin zinare, azurfa ko silikon a kai. Ƙwayoyin nan, wasu sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashi guda. Idan leza ta haska ƙwayar, sai ta ɗauki ɗumi, sinadarin da ke ƙarƙashinta ya yi laushi, riƙon ya saki, hasken ya ingiza ta gaba. Ana kashe lezar ya sake daskarewa, ƙwayar ta tsaya cak a inda aka bar ta.

Da na karanta wannan, kakide ne ya faɗo mini a rai. Ƙwayar gero ta maƙale cikin daskararren kakide a tasa da sanyin safiya, ba ta motsi. Ka kara tasar kusa da murhu, ka ɗan karkata ta, sai ta zame. Ka janye, ta sake kafewa. Bambancin kawai, su a ƙarƙashin ƙwaya ɗaya tak suke narkar da nasu, maƙwabciyarta ba ta ma sani ba.

Amfaninsa kuwa, jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar magini da tubali, don haɗa ƙananan na'urori masu sarrafa haske da lantarki. In an ajiye wata ba daidai ba, a sake haska ta a gyara mata zama. A ganina marubutanmu masu neman abin al'ajabi sun bar wannan fage fayau, sun tafi neman tsatsuba.

Kada dai wani ya sa rai leza za ta share masa sola a bana. Wannan aikin har yanzu na tsumma ne da ruwa.