Huɗu Ba Ta Fi Uku Ba

A Kalgo na koyi dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. In ka jera uku ka ci ɗa guda, in ka jera huɗu ba ka ci kome ba. Dokan nan ya daɗe yana ba ni haushi.

Da ɗana, malamin makaranta a Gwandu, ya koya mini ces, wato darar Turawa, sai na tarar da ɗan'uwansa. Ƙaramin soja in ya kai ƙarshen allo akan naɗa shi sarauniya, wadda ta fi duka ƙarfi. Amma wani lokaci takan toshe wa sarkin abokin wasa kowace hanya, alhali ba ta kai masa hari ba. In ba shi da sauran ɗa mai motsi, an tashi canjaras ke nan, wahalarka ta tafi banza. Gwani sai ya zaɓi hasumiya, ya bar wa sarkin gurbi.

A 1895, a birnin Gilasgo, an buga wani wasa a jarida cewa canjaras ne. Fernando Saavedra ya nuna da hasumiya ake cinsa.

Ni dai yanzu kafin in naɗa, sai na ƙidaya guraben da suka rage wa sarkin ɗana.