Fatar Dilan Kawu

Ku yi mini afuwa, wannan makon ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba. Na san akwai waɗanda suka ƙagu su ji ko auren nan zai yiwu, to su ƙara haƙuri, insha Allahu mako mai zuwa za mu ɗora daga inda muka tsaya. Abin da ya tsayar da alƙalamina wata tsohuwar fata ce.

Ranar Asabar uwargida tana kakkaɓe ɗaki, sai na ji ta kwaɗa salati. Ko da na shiga na tarar ta sauko da akwatin ƙarfen da aka kawo mini bayan rasuwar Kawu, ta buɗe, ta ja da baya tana nuna abin da ke ciki da tsintsiya. Ta ce, "Malam, fatar kare kake ajiye mana a ɗaki? Don girman Allah a fitar da ita, gidan yara ne." Na ce mata ba kare ba ne, dila ne. Ta ce ita duk ɗaya ne a wurinta. Ban yi mata musu ba, don bakin da kunnuwan sai ka rantse na kare ne. Amma fitarwar ce ba zan iya ba, ga kuma dalili.

A hutun Disamba na 1996, ina aji uku na sakandare, Inna ta tura ni wurin yayanta a wani ƙauye da ke bakin dajin Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari. Wanda bai san wurin ba, daga Kaduna tafiyar kilomita 120 ce ko kusa da haka, ka bi ta Buruku da Udawa. A lokacin ko da magariba ka shiga mota babu abin da ke zuwa ranka sai ramukan hanya. Dajin kuwa tun 1936 En'e ta keɓe shi, kuma a 1999 gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Kawu manomi ne, maharbi kuma da rani. Kullum yana cewa shi ba ya shiga gandu da bindiga, ban sani ba ko don kunnena yake faɗa. Wannan dilan dai ba shi ya je nemansa ba, shi ne ya biyo shi har gida, ya ɗauke zabi uku da wani ɗan akuya cikin kwana goma.

Sau biyu Kawu yana ɗana tarko, sau biyu ana wayar gari a ga an cinye kayan cikin kaza an bar tarkon a ɗane. Ba a banza ake ce masa malamin daji ba. A na uku Kawu ya dafa tarkon da ganye don warin hannu ya fita, ya binne shi a hanyar rafi, bai sa nama ko kaɗan ba. Da asuba muka same shi, ƙafar gaba a ciki, ya gaji da fizge-fizge ya kwanta yana kallonmu. Na zaci zai yi haushi ko kuka. Bai yi ba. Wallahi wannan kallon ya fi komai tsaya mini a rai.

Kawu ya danne wuyansa da sanda mai baki biyu, ya yi bisimilla ya yanka shi kamar yadda ake yanka akuya. Na ce, "Kawu, ci za mu yi?" Ya harare ni ya ce, "Ɗan boko ke nan. Fatar nake tsarkakewa." Ya yi karatun Risala a zaure, ya bayyana mini cewa dabbar dawa mai cin nama in an yanka ta ana iya salla a kan fatarta, a kuma sayar, amma fatar mushe ko an jeme ta ba a salla a kanta, ba a sayarwa. Naman ya ce ungulaye za su gode.

Muka bar shi ɗan lokaci ƙuma da kaska suka watse, sannan ya rataye shi ta ƙafafun baya a reshen wata kaɗanya. Ya miƙo mini wuƙa, wata 'yar ƙarama da wasawa ta cinye rabin bakinta, ya ce tunda ni mai ilmi ne in gwada. Ya zagaye kowace ƙafa da yanka, ya tsaga ta ciki har gindin wutsiya, ya kuma ja layi ɗaya tun daga haɓa har ƙasa, bakin wuƙar na kallon waje don kada ya huda ciki ko ya yanke gashi. Kwanakin baya na gani a intanet yadda maharban Amurka ke feɗe wani ɗan'uwan dila da suke kira koyoti, su ba sa tsaga ciki, zare fatar suke yi ɗungurungum kamar an cire safa, su zura mata katako. Mu ma muna da irin wannan fiɗar, ita ake yi wa akuya in salka ko burgami ake so. Amma Kawu buzu yake so, dole a buɗe.

Abin da ya yi ta nanata mini shi ne fiɗa aikin hannu ce, wuƙa rakiya kawai take yi. Ka kama gefen fata da hagu ka ja, ka cusa dunƙulen damanka tsakanin fata da nama, tana da ɗumi za ta bi ka da kanta. Sai inda farar tantani ta riƙe za ka taɓa da wuƙa. A baya da wuya abin ya tafi daidai har na fara jin kaina. Da na zo kwiɓi, inda fatar take sirara kamar takarda, na ga hannu na ɓata mini lokaci, na sa wuƙa na ja. Sai gani na yi yatsana ya leƙo ta ɗaya gefen.

Kawu bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dubi hujin, ya dube ni, ya ce, "Shi ya yi kwana goma yana yi mini wayo, kai ka yi minti goma ka gaji." Ya karɓi wuƙar. Sauran aikin ina tsaye ina riƙe masa ƙafa, ido na cike da ƙwalla, wari kuma na neman sa ni amai, don dila na da wani ɗoyi a gindin wutsiya wanda sabulu ba ya fitarwa a wanki ɗaya. Na ga yadda ya matse ƙashin wutsiya da tsagaggen kara ya zare shi, sannan ya tsaga wutsiyar har ƙarshe, ya ce in ba a buɗe ta ba nan ruɓa ke farawa. A kai ne ya fi daɗewa. Ya yanke kunnuwa dab da ƙoƙon kai, ya bi zagayen ido da leɓe a hankali kamar mai yi wa amarya lalle.

Hukuncina shi ne kankara. Aka kifa turmi aka shimfiɗa fatar, aka ba ni wuƙa dakusasshiya, wai irin wadda ta dace da ni. Duk wani kitse da ɗan nama sai ya fita, domin inda ka bar kitse nan gashi zai zube bayan kwana biyu. Hantsi ya yi har azahar ina abu ɗaya. Daga nan Kawu ya ɗinke hujin da zaren jijiya tun fatar na ɗanya, muka kafe ta da tsinkaye a ƙarƙashin rumbu, gashi a ƙasa, ya shafe ta da gishiri. Na ce me zai hana a sa ta a rana ta bushe da wuri? Ya ce rana dafa fata take yi, ta bushe ta sama ta yi ƙamas ta riƙa karyewa. Iskar hunturu ta isa.

Jimar kanta ta ɗauke mu fiye da mako. Majema in suna son fata tas, a ruwan toka suke jiƙa ta har gashin ya saki su kankare. Mu gashin muke so, don haka ruwan toka bai kusance ta ba. Matar Kawu ta daka bagaruwa ta tankaɗe 'ya'yan, aka kwaɓa garin da ruwa, aka jiƙa fatar ta yi laushi, aka laɓta mata ta gefen nama, aka naɗe. Kullum da safe a buɗe, a kankare na jiya a sa sabo, har launin ya ratsa ta, in ka ɗan yanki gefe ba ka ganin fari a tsakiya. Bagaruwar nan da muke rainawa ita ce ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Bayan nan aka wanke, aka shafa man kaɗe tana da sauran danshi, ni kuma aka sa ni ja da murzawa a jikin turke har hannuna ya yi kanta.

Da hutu ya ƙare na ɗauka zai ba ni. Ya ce a'a, shi zai riƙe, in ya ga ɗinkin ya tuna yana da ɗa a birni. A kanta yake zama a ƙofar gida yana jin rediyo.

Sauran labarin kun san shi, ko ba ku san Kawu ba. Satar shanu ta fara, har gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗu aka tura sojoji Kamuku a 2015. Daga shanu aka koma mutane. Hanyar da nake bi da magariba ta zama sai da rakiya, wani lokacin ma rakiyar ba ta hana. Bayan kisan da aka yi a Gwaska a watan Mayu na 2018, mutanen ƙauyen su Kawu suka kwashe. Ya bar rumbuna biyu cike da dawa, ya bar bindigarsa a binne. Mutumin da ya san kowace kaɗanya a bakin dajin nan ya ƙare a ɗaki ɗaya na haya a Rigasa, yana tambayar yara ina ne gabas. Bai cika shekara biyu ba Allah Ya yi masa rasuwa. Cikin akwatinsa akwai riguna biyu, da Risalar, da wuƙar, da wannan fata an naɗe ta da ganyen darbejiya saboda asu.

Na rubuta littattafai da dama, yawanci soyayya ce ta 'ya'yan masu kuɗi a Kano da Abuja, gidajen da ban taɓa shiga ba. Sau ɗaya na sa maharbi a labari, shi ma na sa shi ya feɗe barewa cikin layi biyu, don na san masu sayen littafi a Sabon Gari ba wannan suke nema ba. Yanzu abin na ɗan ba ni kunya.

Ranar Litinin da na je Kano wajen maɗaba'a na biya da fatar majemar Ƙofar Wambai. Wani dattijo ya juya ta, ya shinshina, ya murza gefe. Ya ce, "Alhaji, wanda ya jeme wannan ya iya. Amma wanda ya feɗe ta yaro ne." Na ce haka ne Baba. Ya ce kada in yarda ruwa ya sake taɓa ta, in shafa mata mai kaɗan ta ciki, in riƙa shanya ta a inuwa, gashin wuya dai ya fara tafiya babu abin da zai dawo da shi. Wani matashi a gefe ya taya ta, wai masu magani na nema. Na naɗe abata.

Da uwargida mun yi sulhu, fatar za ta zauna a ɗakin da nake rubutu, ba za ta shiga falo ba. 'Yar autata ta riga ta gano ɗinkin, tana ta tambaya wa ya ji wa karen ciwo. Tun da Gwamna Uba Sani ya je ya buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamba 2024, ɗan Kawu ke kira na in zo mu je mu ga gonar, ya ce kaɗanyar na nan. Na ce masa sai bayan salla. Salla huɗu ke nan ina faɗa masa haka.