Zanen gado da hasken taga

A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kafin ƙaramar salla ta zo a watan Maris, fim da takardar hoto da duk abin da ke fitowa daga Turai sun yi tashin gwauron zabo. A daidai wannan lokaci ne babbar fitilar wani mai hoto na wata unguwa ta Maraɗi ta mutu, ga labulensa mai zanen bene da jirgin sama duk ya koɗe. Salla kuwa ita ce kakar mai hoto. Wanda ya rasa ta, shekara ta kuɓuce masa.

Ya kwana yana lissafi, kuɗin ba su kai ba. Da safe uwargidansa ta ciro zanen gadon aurenta daga adaka, ta ce: «Malam, ga wannan, amma a maido mini shi ba tabo.»

Ya kafa zanen a bango, ya jawo kujera kusa da taga yadda haske zai sauka a gefen fuska. A ɗaya gefen ya tsai da yaronsa riƙe da farin ƙyalle, domin ya mayar da hasken ya rage duhun kumatu. Ya matsar da kujerar taku biyu daga bango, inuwa ta faɗi ƙasa. Ya kashe fitilar neyon, don ita ke sa fuska ta yi kore a hoto mai launi. Mai shigar atamfa sai ya juya masa bayan zanen. Mai farar shadda ya bar masa adon.

Wata tsohuwa ta kawo jikanta da zai tafi Libiya neman aiki. Ta dubi bangon ta ce: «Ɗana, ina jirgin?» Ya ce: «Inna, in babu jirgi fuskarsa za ki gani sosai.» Ta yarda da ƙyar. Da ta dawo karɓa, ta daɗe tana duban hoton ba ta ce uffan ba, sannan ta biya kuɗin na biyu.

Bai san cewa wani ya riga shi wannan dabara ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da zanen gadonsa ya fara, kuma hasken rana ya fi amfani da shi. Yau hotunansa na rataye a manyan gidajen nune-nune na duniya.

Na mutumin Maraɗi ba su je ko'ina ba; suna nan a bangon ɗakuna da cikin akwatunan mata. Wayar salula ta rufe shaguna irin nasa da dama. Zanen kuwa bai koma adaka ba: ƙusoshi sun huda shi, kuma har yau uwargida na bin sa bashin sabo.