Abin Da Na Gani Game Da Gidan Haya A Landan

Landan babban birnin Ingila ne, a bakin kogin Thames. Mutanen da ke cikinsa sun kai wajen miliyan 9. Daga Abuja jirgin sama yakan yi awa shida da 'yan kai kafin ya sauka can. 'Ya'yan ikkilisiyoyinmu da dama suna aiki a wannan birni, galibinsu aikin jinya, waɗansu kuma suna ta shirin tafiya. Domin su da iyayensu nake wannan rubutu.

Na kai ziyara can a hutun makaranta na watan Agusta 1 ga wata zuwa ƙarshensa, a shekarar 2025. Na sauka a Peckham, wata unguwa kudu da kogi. 'Yan Nijeriya suna da yawa a wurin. A titin Rye Lane za ka sami doya da manja da busasshen kifi, sai ka ce kasuwar gida. Gidajen kuwa na jan bulo ne, a jere, bango ɗaya ya haɗa gida da gida. Daga waje sai ka ce na iyali ɗaya ne. In ka shiga, sai ka tarar kowane ɗaki da mai hayarsa, mutum huɗu ko biyar suna tarayya a kicin ɗaya da makewayi ɗaya. Irin wannan ɗaki, kuɗinsa wajen fam 1,000 ne a wata.

To, ga yadda lissafin yake. A shekarar 2025 albashin sabon ma'aikacin jinya a asibitocin gwamnatin Ingila, watau NHS, fam 31,049 ne a shekara. Saboda tsadar Landan, akan ƙara masa alawus: kashi 20 cikin ɗari ga mai aiki a tsakiyar birni, 15 a gefen birni, 5 a garuruwan da ke kewaye. Na tsakiyar birni ke nan yakan sami ƙarin wajen fam 6,200 a shekara. Wanda ya juya wannan zuwa naira sai ya ce arziki ya zo. Amma shi ma alawus ɗin ana cire masa haraji. Bayan an cire haraji da kuɗin fansho, abin da ke shiga hannu wajen fam 2,300 ne a wata. Matsakaicin kuɗin hayar gida sukutum a Landan kuwa a wannan shekara ya haura fam 2,200 a wata. Kun ga ke nan, mai iyali da ya kama gida shi kaɗai, albashinsa duka mai gida yake yi wa.

A arewa maso gabashin Ingila, wajen Newcastle da Sunderland, babu wannan alawus. Abin da ke shiga hannun ma'aikacin wajen fam 2,000 ne. Amma matsakaicin haya a can bai kai fam 800 ba. Wanda albashinsa ya fi ƙanƙanta a takarda, shi ne mai sauran kuɗi a ƙarshen wata. Girman kai ba shi ne ƙwaƙwalwa ba, haka ma girman albashi.

Ga kuma waɗansu abubuwa da suka bambanta da namu. A Jos ko Kaduna mun saba biyan hayar shekara gaba ɗaya, mu ba dillali la'adarsa, mu huta. A Ingila wata-wata ake biya. Wani lokaci akan rubuta kuɗin mako. A lura fa: fam 200 a mako ba fam 800 ba ne a wata, gama mako 52 ne a shekara. Zai kama fam 867. Tun 2019 doka ta hana dillali karɓar la'ada daga mai haya. Amma mai gida yana da iko ya riƙe kuɗin ajiya har na mako biyar, domin ko za a ɓata masa wani abu, kuma dole ya sa kuɗin a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Mai kama ɗakin fam 1,000 ke nan zai nemi fiye da fam 2,100 kafin a ba shi makulli. Baƙo kuma sau da yawa akan ce ya kawo wanda zai tsaya masa.

Bayan haya akwai harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa, yawanci daga hannun mazaunin gidan. Akwai kuɗin ruwa da na lantarki, da na gas mai ɗumama ɗaki, gama sanyin Disamba a can ya wuce hunturun Jos nesa. Alawus yana bin inda asibitin yake ne, ba inda kake kwana ba. Saboda haka da yawa sukan kama ɗaki a bayan gari, su riƙa shiga jirgin ƙasa. Abin da suka rage a haya, rabinsa ya tafi kuɗin jirgi, ga gajiya.

Ran Lahadi bayan sujada na zauna da wata 'yar'uwa, nas ce, mai 'ya'ya biyu. Shekara biyu ke nan tana ɗaki ɗaya, maigidanta da yaran suna gida Nijeriya. Ta ce, "Malam, kowane wata ina aika musu, kowane wata kuma kuɗin kama gida yana ƙara nisa." Ƙaramin yaron ta waya kawai ya san muryarta. Wannan ya fi kuɗin haya tsada.

A Luka 14:28 Ubangijinmu Yesu ya yi zancen mai son gini, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da ginin zai ci. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sa hannu a takardar aiki, ka yi tambaya. Nawa ne zai shiga hannuna bayan haraji? Asibitin zai ba ni masauki da farko? Na wata nawa? Nawa ne hayar gida mai ɗaki biyu kusa da wurin aikin? Amsar a rubuce take? Ku zauna da matarka, ko ke da mijinki, ku yi lissafin tare, ku yi addu'a a kansa.

Mu kuma iyaye da dangi da ke gida, mu sassauta roƙo. Wanda ke aiko mana da fam 100, wataƙila hita ya kashe ya kwana cikin sanyi. Mu riƙa tunawa da su cikin addu'a, Allah ya ba su masauki, ya kuma haɗa kowane iyali a ƙarƙashin rufi ɗaya. Amin.