ZIYARA A NUREMBERG, BIRNIN DA MOTAR GWANGWANI TA ZAMA HAJAR MANYA

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, gani kuwa ya kori ji. Da a ce wani ne ya ba ni labari cewa akwai ƙasar da dattijo mai furfura zai durƙusa a kasuwa yana cinikin motar gwangwani irin ta yara, har ya zaro kuɗin da za su sayi rago ya biya, da na ce shaci-faɗi ne. Amma ga shi na gani da idona a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, inda na kwana tara a watan Satumba na 2023.

Shi dai wannan birni yana Jihar Bavaria ne, kogin Pegnitz ya ratsa ta tsakiyarsa ya raba shi biyu. Yana da ganuwa ta dutse da ƙofofi, abin da ya tuna mini da biranenmu na dā, sa'an nan ga tsohuwar fadar sarakuna bisa tudu tana kallon gari. Baƙo zai zaci duk gine-ginen nan sun shekara ɗaruruwa a tsaye, alhali kuwa yawancinsu sake gina su aka yi, domin a daren 2 ga Janairu, 1945, jiragen yaƙin Ingila sun ragargaza cikin birnin. A nan ne kuma aka yi shari'ar manyan muƙarraban Hitler daga 1945 zuwa 1946.

To, amma akwai wani suna da birnin ya yi tun kafin wannan, watau na ƙera kayan wasan yara. Tun ƙarni na 15 akwai masu sana'ar sassaƙa 'yar tsana a garin. A 1863 wasu 'yan'uwa biyu, Ignaz da Adolf Bing, suka kafa kamfaninsu, wanda a farkon ƙarni na 20 babu kamarsa a duniya wajen yin kayan wasa, kafin karayar tattalin arziki ta durƙusar da shi a 1932. A 1912 aka kafa kamfanin da daga baya aka sani da Schuco, gwanin ƙera ƙananan motocin kwano waɗanda ake yi musu wani da makulli kamar agogo. Da yawa daga masu irin waɗannan masana'antu Yahudawa ne, da mulkin Hitler ya zo sai aka raba su da dukiyarsu. Ɗaya daga cikinsu, Philip Ullmann, ya tsere Ingila a 1933 ya kafa kamfanin Mettoy, wanda ya fito da motocin Corgi a 1956. Har ila yau, tun 1950 ake cin babbar kasuwar baje kolin kayan wasa ta duniya a wannan birni, a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, sai dai 'yan kasuwa kaɗai ake bari su shiga.

Na ziyarci gidan adana kayan wasa da ke titin Karlstrasse, wanda aka buɗe a 1971 da kayan da wata mata mai suna Lydia Bayer da mijinta suka tara. Na ga ɗakunan 'yar tsana da tukwanensu da murhunsu, da jiragen ƙasa da na ruwa na kwano, kowanne a cikin gilashi. Ina kallo sai na tuna da motar kara da ta langa-langa da muka yi muna yara, waɗanda da yamma ta yi muke watsarwa a bayan gida, ba wanda ya taɓa tunanin ajiye su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa a masaukina ya faru. Mai masaukin nawa wani yayana ne na unguwa, wanda ya shekara goma sha a can yana sayen tsofaffin firji da injuna da kayan gida yana aunawa Kwatano. A daren da na sauka, bayan mun ci tuwo, sai ya janyo wani akwati daga ƙarƙashin gado ya ce, "Ƙanena, zo ka ga arziki." Kayan wasa ne guda 38 da ya saya a wurin magadan wani tsoho a kan Yuro 1,500, kuɗin kuwa na adashi ne ya karɓa tun kafin zuwan kwasarsa. Ya nuna mini wata takarda inda ya rubuta farashin kowane ɗaya kamar yadda ya gani a dandalin gwanjo na eBay, jimla ta kama Yuro 12,000. Har ya riga ya aika gida cewa a fara neman kafinta, za a yi wa ɗakin mahaifiyarsa sabon rufi.

Na ce, "Yaya, wannan farashi da ka rubuta, wanda aka saya ne ko wanda mai kaya ya sa suna?" Ya yi shiru, ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce a'a, ko a kasuwar shanu ta Wudil mutum yana iya sa wa sansa sunan da ya ga dama, amma kuɗin sa shi ne wanda aka yi sallama a kai.

Da yake an dace ana cin kasuwar tsofaffin kaya da suke kira Trempelmarkt, wadda ake yi sau biyu a shekara, a Mayu da Satumba, a tsakiyar birnin, sai muka ɗauki motoci uku muka tafi. Titunan sun cika maƙil da tebura, wannan na sayar da agogo, wancan faranti, wani littattafai. Muka sami wani dattijo mai sayar da motocin kwano kaɗai. Abin mamaki, da ya karɓi mota bai dubi samanta ba, sai ya kifa ta ya karanta rubutun da ke ƙarƙashi. Ya ce wadda aka rubuta wa cewa an yi ta a yankin Jamus da Amurka ke riƙe da shi, ta shekarun da suka biyo bayan 1945 ce. Wadda ke ɗauke da sunan Jamus ta Yamma kuwa ta zo daga baya. Ya ƙara da cewa motar tseren nan ta Schuco mai lamba 1050, wadda ta fara fitowa a 1936, an yi ta sake ƙera ta har bayan da kamfanin asali ya karye a 1976, saboda haka biyu za su yi kama da juna kamar an tsaga kara, amma kuɗinsu ya sha bamban. Da ya ga ta ukun sai ya kama kai, domin yayana ya saye fenti ya shafe ta don ta yi kyau. Ya ce masu tara irin waɗannan kaya sun fi son tsohon fenti na asali ko da ya kankare, wannan gyara ya zubar da fiye da rabin darajarta. Ya taya akwatin gaba ɗaya Yuro 1,000, yayana ya ce albarka.

Da dare muka zauna gaban kwamfuta muka sake lissafi daga farko. A dandalin akwai wurin da ake latsawa ya nuna kayan da aka riga aka sayar kaɗai, na kimanin wata uku da suka wuce, nan muka koma. Ga kowace mota muka nemo irinta sak: lamba ɗaya, rubutun ƙarƙashi ɗaya, lafiyar jiki ɗaya, da kwalinta ko babu, da makullinta ko babu, domin kwalin asali kaɗai yana iya ninka kuɗin abu. Muka tsallake waɗanda aka ja wa farashinsu layi, don alama ce ta an yi rangwame a ɓoye, ba a nuna ainihin abin da aka biya ba. Ga misali, wata mota da ya rubuta wa Yuro 600, mun sami irinta biyar da aka sayar a kan 90, 140, 150, 170 da 310. Muka jefar da mafi tsada da mafi araha, tun da mai yiwuwa wancan mutum biyu ne suka yi gardama a kansa, wannan kuwa hotonsa ne bai fito ba, muka riƙe na tsakiya, watau 150.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har kusan asuba. Motoci 6 masu kyau suka ba da 900. Guda 20 masu tsatsa ko na baya-baya suka ba da 700. Wani ɗan beyar na kamfanin Steiff, mai maɓallin ƙarfe a kunne kamar yadda kamfanin ke sa wa kayansa tun 1904, muka ƙiyasta shi 300. A kansa ne yayana ya fi sa rai, domin ya ji labarin wani irinsa da aka sayar Fam 110,000 a gidan gwanjon Christie's na Landan a 1994, bai lura ba cewa wancan tun farkon ƙarni na 20 aka yi shi, nasa kuwa jikan jikansa ne. Ragowar 11 ƙananan dabbobin tsumma ne da ake kira Beanie Babies, waɗanda Amurkawa suka yi rububin saye a ƙarshen shekarun 1990 da zaton za su yi tsada, kasuwarsu ta faɗi warwas wajejen shekara ta 2000. Har yanzu akwai masu sa musu sunan dubbai, amma mu 55 muka samu a kansu duka. Jimla ta tashi Yuro 1,955. Da muka cire kimanin kashi ɗaya cikin biyar na la'ada da kwali da abin da ba a rasa ba na mai saye ya ce a mayar masa da kuɗinsa, sai ya rage wajen 1,560. Ke nan uwar kuɗi ta dawo da ƙyar, ribar ba ta kai kuɗin buhun siminti goma ba, kuma sai ya yi watanni yana sayarwa ɗaya-ɗaya.

Yayana ya daɗe yana kallon takardar. Can ya nisa ya ce, "Ƙanena, gara da ka zo, don da gobe zan ƙaro wani akwatin da bashi." Washegari ya buga waya gida ya ce a dakata da maganar kafinta sai bayan ya auna kaya na gaba.

Na kawo wannan labari ne domin yau waya na hannun kowa, kuma ba kayan wasa kaɗai ake yi wa irin wannan lissafin dokin rano ba. Sau nawa muka ji wani ya ga an sa wa tsohon kwabo mai huji ko tsohuwar keken ɗinki farashin miliyoyi a intanet, ya kwashi kuɗin iyali ya shiga saye? Duk wanda zai ƙiyasta darajar abin da ke hannunsa, to ya nemi abin da aka biya a kan irinsa, ya duba ciniki da yawa, ya cire la'ada, sa'an nan ya yanke shawara.

Ranar da zan taso, yayana ya raka ni tashar jirgin ƙasa, a garin da jirgin ƙasa na farko a Jamus ya tashi zuwa Fürth a 1835. Da za mu rabu sai ya zaro motar nan da ya shafa wa fenti daga aljihu ya miƙa mini, ya ce in kai wa ɗana tsaraba, tun da shi ba ruwansa da rubutun ƙarƙashi. Tana nan a gidana yanzu, kullum yaron sai ya yi mata wani ta zagaya tsakar gida.